Wasiƙa da Ƙididdiga: Tarihin Gardamar Masu Kallon Talabijin a Amurka

A ƙasar Amurka, duk lokacin da aka soma nuna sabon wasan kwaikwayo mai dogon zango a talabijin, akan sami gardama iri biyu a tsakanin masu kallo. Ta farko ita ce wadda aka sani a ko'ina, watau ko wasan ya yi armashi ko bai yi ba, wane ɗan wasa ne gwani, wane ne kuma ya yi kwaɓa. Ta biyu kuwa baƙuwa ce ga wanda bai san ƙasar ba, domin ba ta taɓa labarin wasan ko kaɗan. Tun ba a yi mako uku da farawa ba sai a ji masoyan wasan suna lissafi kamar fatake: gidaje nawa ne suka kalla daren jiya, an sami ƙari ko ragi a kan makon jiya, kuma shin kamfani zai bar wasan ya ga ƙarshen shekara ko kuwa zai datse shi. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan gardama ta biyu, tare da tsayawa a kan wasan Star Trek na 1966 zuwa 1969, domin a kansa ne ta fara fitowa fili sosai.

Asalin Ƙirga Masu Kallo

Kafin a fahimci gardamar, wajibi ne a san wanda yake biyan kuɗin wasan. A Ingila, gidan BBC yana rayuwa ne da kuɗin lasin da masu akwatin talabijin suke biya. A Nijeriya, gidajen talabijin na farko, kamar na Ibadan da aka buɗe a 1959 da na Kaduna a 1962, gwamnatocin yankuna ne suka kafa su, kuma wasa irin Samanja Mazan Fama ya yi shekaru yana gudana ba tare da wani yana ƙirga gidajen da suke kallonsa kowane mako ba. A Amurka al'amarin daban yake tun zamanin rediyo. Tashoshin na 'yan kasuwa ne, mai sauraro ba ya biyan ko anini, masu talla su ne suke ɗaukar nauyin kome. Ke nan hajar da tasha take sayarwa ita ce kunnen mai sauraro da idon mai kallo, wasan kuwa tsaba ce da ake watsawa don a tara kaji. Wanda zai sayi haja kuma dole ya nemi mudu.

Mudun farko ya fito a 1930, lokacin da Archibald Crossley ya soma buga wa mutane waya yana tambayarsu abin da suka saurara jiya. Da yake ɗan Adam mai mantuwa ne, sai C. E. Hooper ya zo da wata dabara a 1934: a buga waya a tambayi mutum abin da yake saurare a daidai wannan lokaci. Amma wanda ya gaje fagen shi ne Arthur C. Nielsen, injiniya, wanda ya kafa kamfaninsa a Shikago a 1923. A 1936 ya sayi haƙƙin wata na'ura da ake maƙala wa akwatin rediyo, tana rubuta lokacin da aka kunna shi da tashar da aka kama. A 1950 ya saye sashen ƙididdigar ƙasa na kamfanin Hooper, ya kuma juya na'urar tasa ga talabijin. Daga nan sunansa ya zama sunan ma'aunin kansa.

Yadda ake aikin bai da wuyar ganewa. Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu, tafi ɗaya yake ɗiba ya duba. A shekarun 1960 gidajen da suke da talabijin a Amurka sun haura miliyan 50, amma waɗanda aka sa wa na'urar Nielsen ba su wuce kimanin 1,200 ba, watau kowane gida guda yana magana da yawun gidaje fiye da 40,000. Akwai kuma wasu gidaje da ake ba ɗan littafi su riƙa rubuta wanda ya kalli me. Daga wannan ake fitar da lambobi biyu. Ta ɗaya tana nuna kashi nawa cikin ɗari na dukan gidaje masu talabijin suka kalli wasa. Ta biyu tana nuna rabon da wasan ya samu daga cikin akwatunan da suke kunne a wannan sa'a. Da yake manyan kamfanoni uku ne kawai a lokacin, watau NBC da CBS da ABC, wasan da rabonsa ya gaza kashi 30 cikin ɗari yana cikin haɗari.

Tun a wancan zamani akwai masu shakkar wannan mudu. A 1963 wani kwamitin Majalisar Wakilai a ƙarƙashin Oren Harris ya binciki kamfanonin ƙididdiga, ya kuma bankaɗo sakaci mai yawa a yadda suke zaɓen gidaje da tattara bayanai. An kafa hukumar sa ido bayan binciken, an yi 'yan gyare-gyare, amma ciniki ya ci gaba da wannan mudu, saboda mai saye da mai sayarwa duk sun gwammace mudu mai ɗan lanƙwasa da a ce babu mudu sam. Abin lura kuma shi ne, na'urar tana shaida cewa akwati a kunne yake kawai. Wanda ya yi mako yana ɗokin wasa da wanda barci ya kwashe a kujera, duk ɗaya suke a wurinta. A nan ne tushen rigimar yake.

Star Trek da Yaƙin Wasiƙu

An fara nuna Star Trek a tashoshin NBC ranar 8 ga Satumba, 1966, da ƙarfe 8:30 na daren Alhamis. Gene Roddenberry, tsohon matuƙin jirgin sama kuma tsohon ɗan sanda, shi ne ya ƙago shi, kamfanin Desilu na Lucille Ball ya shirya. Labari ne na wani jirgi mai suna Enterprise da yake yawon buɗe ido a sararin samaniya cikin wani zamani mai zuwa. Ma'aikatan jirgin sun haɗa jinsi dabam-dabam, abin da ba a saba gani ba a talabijin ɗin Amurka ta lokacin: akwai ɗan asalin Asiya, akwai Baƙar mace jami'ar sadarwa mai suna Uhura, sunan da aka samo daga kalmar Suwahili mai nufin 'yanci, daga baya ma aka ƙara Barashe, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Nichelle Nichols, wadda ta fito a matsayin Uhura, ta sha ba da labarin cewa ta yi niyyar barin wasan bayan zangon farko, Martin Luther King ne ya roƙe ta ta tsaya, saboda abin da ganinta a wannan kujera yake nufi ga Baƙaƙen Amurka. Wannan ya isa ya nuna cewa a wurin wasu masu kallo abin ya wuce hira da nishaɗi.

Ma'aunin Nielsen bai ga wannan ba. Bayan makonnin farko lambobin suka yi ƙasa, wasan ya ƙare zangonsa na farko a wajen matsayi na 52. Tun a Disamban 1966 wasu marubutan ƙagaggun labaran kimiyya, Harlan Ellison yana kan gaba, suka rarraba takarda suna kira ga ma'abota irin waɗannan labarai da su rubuta wa tashoshi da masu talla. NBC ta sabunta wasan, amma ta mai da shi daren Jumma'a, lambobin kuma suka ƙara faɗuwa. Kafin ƙarshen 1967 jita-jita ta cika gari cewa za a soke shi.

A nan ne wata mata mai suna Bjo Trimble da mijinta John suka shigo. Mutane ne da suka saba da tarukan ma'abota labaran kimiyya, suna kuma da adireshin mutane kimanin 4,000 da suka samo daga irin waɗannan taruka. Suka aika wa kowa takarda, suka nemi ya rubuta wa NBC, ya kuma sa wasu su rubuta. Shawarwarin da suka bayar sun nuna sun san halin ofis. Kada a rubuta sunan wasan a bayan ambulan, domin in an yi haka ba za a buɗe ba, za a tura wa masu shirya wasan ne kai tsaye. Kada a yi zagi ko barazana. Kada a tara sa hannu a takarda ɗaya, domin takarda ɗaya wasiƙa ɗaya ce ko mutum dubu ne suka sa hannu. Kowa ya rubuta tasa da kalmominsa. Daga baya ta tabbata cewa Roddenberry da kansa yana taimaka wa yaƙin da kuɗi a asirce, abin da bai rage gaskiyar son da mutane suke yi wa wasan ba, ko da yake ya rage wa labarin tsarki.

Wasiƙu suka yi ta kwarara. Adadin da NBC ta amsa ta karɓa tsakanin Disamban 1967 da Maris ɗin 1968 ya kai kimanin 115,000, wasu kuma suka ce ainihin adadin ya kai miliyan. A Janairun 1968 ɗalibai fiye da 200 daga kwalejin fasaha ta Caltech suka yi jerin gwano zuwa ofishin NBC da ke Burbank a Kalifoniya, a shekarar da sauran ɗaliban ƙasar suke zanga-zanga a kan yaƙin Biyatnam. Ranar 1 ga Maris, 1968, a ƙarshen wasan daren, NBC ta yi abin da ba a saba yi ba: ta sa aka sanar a talabijin cewa Star Trek zai dawo. Manufar sanarwar ita ce mutane su daina rubutu. Sai ga wasiƙun godiya sun biyo baya.

Masoyan wasan sun ɗauki wannan a matsayin nasarar wasiƙa a kan ƙididdiga, haka kuma labarin ya yi ta yawo shekara da shekaru. Amma idan aka duba da kyau za a ga akwai wasu lissafe-lissafe a ƙarƙashi. Binciken NBC ya nuna mata cewa masu kallon wasan, ko da yake ba su da yawa, akwai masu ilmi da masu abin hannu da yawa a cikinsu, wasiƙun kuma sun ƙara tabbatar da haka, domin da yawa daga likitoci da malamai da masana kimiyya suka fito. Har ila yau, kamfanin RCA, uwar NBC, yana ƙera akwatunan talabijin masu launi, kuma ya yi amfani da Star Trek a tallarsa, saboda wasa ne mai ɗaukar ido. Ruwa dai ba ya tsami banza. Ana iya kwatanta wannan da abin da ya faru a CBS shekara guda kafin nan, inda aka soke wasan kaboyi na Gunsmoke a 1967, sa'an nan shugaban kamfanin, William Paley, ya ce a mai da shi, aka kuwa mayar, ya ci gaba har 1975. Maganar mutum ɗaya a saman bene ta yi aikin buhunan wasiƙu.

Abin da ya biyo bayan nasarar shi ne ya fi nuna inda ƙarfi yake. An yi wa Roddenberry alkawarin farkon daren Litinin, lokacin da yara da matasa suke gida. Da jadawali ya fito sai aka ga an kai wasan ƙarfe 10 na daren Jumma'a, sa'ar da ƙananan yara sun kwanta, samari da 'yan mata kuma sun fita yawo. An kuma rage kuɗin shirya kowane kashi. Roddenberry ya janye daga aikin yau da kullum, Fred Freiberger ya karɓa, ingancin labaran ya ragu a ganin mafi yawan masu sharhi. A Fabrairun 1969 aka soke wasan, aka nuna kashi na ƙarshe ranar 3 ga Yuni. Bayan mako bakwai, ranar 20 ga Yuli, 'yan sama jannatin Apollo 11 suka sauka a kan wata.

To, mene ne amfanin wasiƙun? Amfaninsu yana cikin wani lissafi da ba shi ne a gaban yawancin masu rubutun ba. Zangon farko kashi 29 ne, na biyu 26, watau 55 ke nan. Zango na uku ya ƙara 24, jimla ta zama 79. A Amurka akwai kasuwa ta biyu, inda ake sayar wa ƙananan tashoshi tsofaffin wasanni su riƙa maimaitawa kullum, Litinin zuwa Jumma'a. Wasa mai kashi 55 zai ƙare cikin mako 11 a koma farko, don haka masu saye ba su cika sha'awarsa ba. 79 kuwa, ko da yake bai kai yadda aka fi so ba, ya isa a yi ciniki. Kamfanin Paramount, wanda ya gaji wasan bayan an sayar da Desilu a 1967, ya shiga wannan kasuwa da shi. Tashoshin Kaiser suka sa shi da ƙarfe 6 na yamma, daidai lokacin da manyan tashoshi suke labarai, sai ga ɗalibai da yaran makaranta sun yi masa caa. Kafin 1972 ana nuna shi a birane fiye da 100 a Amurka. A Janairun wannan shekara aka yi taron masoyansa a Niyok, masu shiryawa suna tsammanin 'yan ɗaruruwa, mutum kimanin 3,000 suka hallara. A 1976, bayan wani yaƙin wasiƙun, Shugaba Gerald Ford ya amince a sa wa kumbon gwaji na farko na hukumar NASA suna Enterprise. Fim na sinima ya fito a 1979, sabon wasan talabijin a 1987. Shekara guda da wasiƙu suka saya, ita ce ta kai wasan bakin wata kasuwa mai mudu dabam.

Bayan Star Trek

Kusan a daidai wannan lokaci mudun kansa ya sake. Masu talla suka fara tambayar ko su wane ne masu kallon, ba yawansu kawai ba, suka kuma fi son mazauna birni 'yan shekara 18 zuwa 49, bisa zaton su ne masu kashe kuɗi. A 1971 CBS ta soke jerin wasanni masu labarin ƙauye, irin su The Beverly Hillbillies da Green Acres da Mayberry R.F.D., alhali wasunsu suna da ɗimbin masu kallo. Laifinsu shi ne masu kallon nasu tsofaffi ne da mutanen karkara. Babu wani babban yaƙin wasiƙu da ya cece su, kuma wannan ma abin tunani ne: waɗanda suka iya tsara yaƙi, suka san adireshin ofis da kalmomin da ke shiga kunnen manaja, su ne dai masu ilmin da masu talla suke nema tun farko.

Yaƙe-yaƙen da suka biyo baya duk sun ɗauki darasi daga na 1968. CBS ta soke Cagney & Lacey, wasan 'yan sanda mata biyu, a 1983; mai shirya shi, Barney Rosenzweig, ya zuga masu kallo su yi rubutu, aka dawo da shi a 1984, ya kai 1988. Amma a nan ma lambobin maimaicin da aka yi da bazara sun tashi, ɗaya daga cikin taurarin, Tyne Daly, ta kuma ci lambar Emmy. A 2007 da CBS ta soke Jericho, masoyansa suka aika wa ofisoshinta gyaɗa da dangoginta kimanin tan 20, suna ishara ga wata kalma da aka faɗa a kashin ƙarshe. A Kano ta zamanin dalar gyaɗa wannan bai fi lodin mota ɗaya ko biyu ba, amma a ofishin Niyok ya isa ya toshe hanya. Kamfanin ya ba da kashi bakwai, ya kuma gaya wa masoyan a fili cewa sai sun jawo sababbin masu kallo. Ba su samu ba, aka sake soke shi a 2008.

Masoyan Chuck su ne suka kai dabarar maƙura a 2009. Maimakon su roƙi NBC, sai suka nufi mai talla: suka yi shiri kowa ya je kantin abinci na Subway ya yi sayayya a ranar da za a nuna kashin ƙarshe na zangon, ya kuma bar takarda cewa don Chuck ya zo. Aka sabunta wasan tare da yarjejeniyar talla da Subway, ya rayu har 2012. Daga wasiƙar Bjo Trimble mai cewa wasan yana da kyau, an iso ga rasit mai cewa masu kallonsa suna da kuɗi. Wannan shi ne asalin harshen fataken da ake ji a bakin masoya: shekaru 40 sun koya musu cewa da shi kaɗai ake jin kira.

Zuwan kallo ta intanet ya sake birkita lissafin. Kamfani irin Netflix, wanda ya fara fitar da manyan wasanninsa a 2013, ya san abin da Nielsen bai taɓa sani ba, watau wanda ya kalla, da minti nawa, da inda ya tsaya, amma ya yi shekaru yana ɓoye lambobin. Masoya suka koma gardama a cikin duhu, kowa yana kintace. Da aka soke Sense8 a 2017, kururuwarsu ta samo musu kashi guda na rufewa a 2018, ba ƙari. Marubutan Hollywood ma abin ya dame su, domin ladansu yana rataye da nasarar da ba a nuna musu ba, kuma bayyana lambobi yana cikin buƙatun yajin aikin da suka yi na kwana 148 a 2023. A Disamban wannan shekara Netflix ta fitar da rahoton sa'o'in kallo na fina-finai da wasanni fiye da 18,000.

A YouTube kuwa lambar tana nan a ƙarƙashin kowane kashi, kowa yana gani, kuma ta wannan ƙofa ce gardamar ta iso ƙasar Hausa. Wasanni masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina suna samun wani sashe na kuɗinsu daga talla gwargwadon yawan kallo, don haka yanzu akan ji matasa a Kano ko Maraɗi suna kwatanta adadin wannan mako da na makon jiya, suna hasashen ko za a yi zango na gaba. Bambancin shi ne babu manajan tasha da za a rubuta wa wasiƙa, domin sau da yawa mai shirya wasan shi ne mai tashar, kuma lambar da masu kallo suke dubawa ita ce shi ma yake dubawa kafin ya kira 'yan wasa aiki.